Yankan Yau

An yi wani mutum, mahauci ɗan mahauci, a wata unguwa da ba sai na faɗa muku sunanta ba. Shi ma ba zan ambaci sunansa ba, domin yana raye, kuma abin da yake ɗauke da shi ya ishe shi. Ku dai ku ba ni kunnuwanku, ya 'yan uwa, musamman ku da kuke tsayawa a bayan teburi kuna sayar wa mutane abin da za su kai cikinsu.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne a jikin gidansu, ƙofarsa tana kallon titi. Akwai ƙugiyoyi a jere a jikin wani dogon ƙarfe, da sikeli, da kututturen sara da ya lotsa a tsakiya saboda daɗewa, da firiza a kusurwa mai yawan gurnani. A bangon baya akwai wata 'yar ƙofa da take shiga cikin gida. A bakin wannan ƙofar ake ajiye wa mahaifinsa kujera.

Tsohon ne ya kafa shagon. A zamaninsa ba a san shi da fara'a ba. In ka cika masa ciniki sai ya ajiye wuƙa ya zuba maka ido har ka ji kunyar kanka. Amma ya san gidan kowa. Ya san wadda mijinta ba shi da haƙori, sai ya yanko mata inda ya fi taushi. Ya san wanda likita ya hana kitse, ko ya yi ta roƙo ba zai ba shi ba. In nama ya kwana bai ƙare ba, da safe sai ya ware shi gefe, duk wadda ta nuna shi da yatsa ya ce mata, "Wannan kwantai ne, na jiya ne. In yau za ki dafa, ɗauki da rangwame. In ajiyewa za ki yi, bar shi." In ya ga ya fara sauya launi kuwa, ko kyauta ba ya bayarwa. Matan unguwa suna yi masa tsiya, suna cewa ba su taɓa ganin mai sayarwa da yake korar masu saye ba sai shi. Washegari kuma su ne farko a ƙofarsa.

Sai tsufa ya zo ya fara karɓar kayansa. Ido ya tafi. Ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa. Hancin nan da a da tun daga bakin ƙofa yake gane naman da ya kwana, wata doguwar jinya ta tafi da shi, har turare ma ya daina ji. Kunne kaɗai ya rage masa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗan nan kuma shi kaɗai gare shi, sai ya miƙa masa wuƙa da makullin shago.

Kada ku yi gaggawar zagin mutumin nan tun ban gama ba. Yana son mahaifinsa so na gaskiya. Shi yake yi masa wanka, shi yake yanke masa farce, shi yake ɗaukarsa cak ya ajiye shi a kujera. Kowace safiya kafin ya taɓa wuƙa sai ya durƙusa a gabansa, tsohon ya laluba ya ɗora masa hannu a ka ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ya sha gaya wa matarsa cewa a duk abin da ya mallaka babu wanda ya kai masa wannan hannun, kuma ranar da bai ji shi a kansa ba, bai san yadda zai buɗe shago ba. Ba faɗa kawai yake yi ba, har zuciyarsa haka yake.

Da shago ya dawo hannunsa, unguwa ta ga sauyi. Ya shafe bango da farin fenti. Ya sayi farar riga ta aiki. Ya ajiye benci da ruwan sanyi saboda masu jira. Bakinsa kuwa zuma: kowace mace Hajiya ce, ko da jiya aka yaye ta, kowane namiji yallaɓai ne. Yana tambayar yara, yana tambayar maigida, kafin ki ba shi amsa ya juya ga ta bayanki da tambaya iri ɗaya. Ba ya sallamar kowa sai da ɗan ƙari da addu'a. Mutane suka ce, kai, ɗan ya fi uban iya karɓar mutane. Tsohon yana daga kujerarsa yana jin wannan, yana murmushi, yana cewa, "Gaskiya ne, ni ban taɓa iya wannan ba."

Wata rana kasuwa ta ƙi. Nama ya kwana da yawa, ya sake kwana. Da safe ɗan ya fito da shi daga firiza, ya dube shi. Ya san abin da mahaifinsa yake yi da irin wannan, kuma ya san asarar da take ciki. Yana tsaye yana datse gefen da ya yi duhu, yana yanka sauran gunduwa-gunduwa, sai ga wata mata ta shigo ta ce, "Na yau ne?"

Ya ce, "Ga shi kina gani, yanzu ma nake yanka shi."

Ta biya, ta yi godiya, ta tafi.

Ya tsaya da wuƙa a hannu yana juya abin da ya fito daga bakinsa. Bai yi ƙarya ba, ko ya yi? Ya 'yan uwa, kun san kalmar nan ta yanka fuska biyu gare ta a harshenmu. Wanda ya kwantar da dabba ya ambaci sunan Allah ya sa mata wuƙa, ya yanka. Wanda ya ɗauko tsoka ya raba ta gida biyu, shi ma ya yanka. A wannan ɗan tsakanin Shaiɗan ya sami wurin shimfiɗa tabarmarsa. Ya raɗa masa cewa: ai in ka sa wa nama wuƙa da safe, ko ya shekara a firiza, yankan yau ne.

Daga ranar ya sami hanya. Yana zuwa mayanka da sassafe kamar kullum, don a ji tsayuwar mota a ƙofa, amma kaɗan yake ɗaukowa. Sabon ya rataye shi a gaba inda ido zai fara sauka. Kwantan kuwa ya wanke shi, ya datse inda ya yi baƙi, ya yayyanka shi, ya shafe shi da jinin sabon har ya yi ja. In an tambaye shi sai ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi yankan yau ne." Ya ambaci sunan Allah, kuma ya kwana da zuciya ɗaya, don a ganinsa ko alƙali bai isa ya kama shi da ƙarya ba.

Wa yake yaudara? Ashe Wanda ya halicci harshen bai san inda harshen ya karkata ba? Malamanmu sun daɗe da sanar da mu cewa in ka rantse wa mutum, rantsuwar tana kan abin da ya tambaye ka kuma ya fahimta, ba kan wata ma'ana da ka ɓoye a ƙarƙashin harshe ba. Matar da ta ce maka na yau ne, ba tambayarka take yaushe ka wasa wuƙa ba. Kai ma ka san abin da take nufi, shi ya sa ka nemi dabara. Na ga wasu a nan suna gyara zama. Ku zauna, ban kira sunan kowa ba.

Abin da ya fi ci mini rai a lamarin mutumin nan shi ne yadda yake tace mutane. Mai gidan abinci da take danna nama da yatsa tana shinshinawa, wannan sabo yake ba ta, don ya san bakinta. Wanda ya zo yana muzurai yana cewa shi ba a cutarsa, shi ma sabo. Amma wadda ta zo ta gaishe shi ta ce, "Zaɓar mini, ka fi ni sani," ita ce mai kwantai. Wato gwargwadon yardarka da shi, gwargwadon cutar da zai yi maka.

Jefi-jefi wani yakan dawo da ƙorafi, ya ce naman jiya ya ɓata wa yara ciki. Nan ne za ku ga iya karɓar mutane. Ya tashi da sauri ya ba shi benci, ya miƙa masa ruwan sanyi, ya yi ta salati yana jajantawa. Ya tambaya a hankali ko an bar naman a leda cikin zafi, ko wuta ta ɗauke musu, ko yaran sun ci wani abu a waje. Kafin a rabu, mai ƙorafin ne yake ba shi haƙuri. Sai ya ƙunsa masa wani naman kyauta don a wanke zuciya, kuma daga wancan tarin dai yake ɗebowa.

Gidansa kuwa bai taɓa shigar da kwantai ba. Wata rana matarsa ta ce masa cikin wasa, "Kai da firiza take cike, me ya sa kullum sai ka yanko mana daga na gaba? Mu ba ma cin na sanyi ne?" Ya ce, "Baba ba shi da haƙori, sabo ya fi masa taushi." Ta dube shi, ta ci gaba da abin da take yi, ba ta sake tambaya ba.

Shi kuwa tsohon, daga kujerarsa, kunne kawai gare shi. Yana jin mota ta tsaya da safe. Yana jin ƙarar wuƙa a kan kututture. Yana jin ɗansa yana cewa wallahi yankan yau ne, sai ransa ya yi fari. Duk wanda ya leƙo gaishe shi sai ya ce masa, "Yaron nan Allah ya buɗa masa. Ni a zamanina ina kwantai, shi kuwa tun da ya karɓa ban ji ya ce wa kowa na jiya ne ba." Haka aka ɗauki shekaru, kowace safiya yana ɗora masa hannu a ka.

Tsohon yana da aboki guda, wani tela da suka taso tare tun suna gudu ba riga. Kusan kullum da yamma telan yakan zo ya zauna kusa da kujerar, su yi ta tsokanar juna. Shi yana ce masa makahon mahauci, wannan yana ce masa tela mai ɗinka wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Tun da ido ya tafi, wannan hirar ce abin da tsohon yake jira a yini.

Sai telan ya kwanta ciwo, aka yi masa aiki a asibiti. Ya dawo gida ya rame, jini ya yi ƙasa, aka ce a riƙa ba shi hanta da romo ko ya murmure. Matarsa, dattijuwa mai sanyin magana wadda ta goyi mahaucin nan a bayanta yana jariri, ta ɗauko kwanonta ta zo shagon da kanta.

A kwanakin nan wuta ta yi doguwar ɗaukewa. Abin da yake firiza ya narke, wuta ta dawo ya daskare, ta sake tafiya ya sake narkewa. Ranar kuma da mahaucin ya je mayanka ya tarar hanta ta ƙare. Wadda take shagon ta daɗe, kuma kowane mahauci ya san hanta ba ta da haƙurin tsoka. Da safe ya wanke ta, ya yayyanka ta, ya jera a faranti.

Dattijuwar ta gaishe da tsohon, ta gaya masa jikin abokinsa da sauƙi, har ya ce a gaya wa makahon mahauci kada ya ba wani kujerarsa. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ɗaga murya ya ce wa ɗansa, "Kai, ba innarka hanta mai kyau, ta mara lafiya ce."

Ya 'yan uwa, me zai rage shi in ya ce babu? Kalma ce guda. Inna, yau babu, ki dawo gobe in ajiye miki. Da ta tafi tana sa masa albarka. Amma harshen da ya saba da hanya ɗaya ba ya tsayawa shawara. Ga kuma mahaifinsa yana ji, in ya ce wadda take farantin ba ta yau ba ce, me zai ce game da sauran shekarun? Sai ya ɗebo ya zuba mata a kwano.

Ta kai kwanon kusa da fuskarta, ta shinshina. Ta ce, "Ɗana, kamar ina jin wani ɗan bashi-bashi. Ko hancina ne?"

Ya ce, "Wallahi Inna yankan yau ne."

Ba ta motsa ba, tana ta duban kwanon. Sai tsohon ya ce daga bakin ƙofa, "Haba, ke ma dai. In yaron nan ya rantse ki ɗauka ki tafi, ni na haife shi. Ki ce wa telan ya ci ya tashi, na gaji da zama ni kaɗai."

Ta ce, "To, tun da kai ka faɗa." Ta rufe kwanon ta tafi.

Ba zan tsawaita muku ba. Telan ya ci. Kafin la'asar amai da gudawa sun kama shi, ga jiki ba ƙarfi, ga ɗinki bai warke ba. Aka mayar da shi asibiti, bai dawo da ƙafarsa ba. Ajali na Allah ne, kuma ni ba likita ba ne da zan ce ga abin da ya kashe shi. Amma akwai mutum ɗaya da ya san abin da ya zuba a kwanon nan, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki gawar.

Da mutane suka ɗan janye, mahaucin ya ɗauki mahaifinsa ya kai shi gidan don ya yi gaisuwa. Dattijuwar ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Da tsohon ya gama yi mata ta'aziyya, sai ta ce a hankali, "Na ji warin nan, ka sani. Har a tukunya na ji shi. Amma na ce tun da kai ka ce in ɗauka, hancina ne ya tsufa."

Aka dawo da tsohon gida. Da ɗan ya ajiye shi a kujera zai juya, sai ya riƙe masa hannun riga. Ya ce, "Hantar nan, yaushe aka yanka dabbar?"

A nan ne mutumin ya tafka wautar da ta fi duk wadda ya yi a baya. Maimakon ya faɗi ƙasa ya ce na yi laifi, sai ya ɗauko dabarar nan tasa, yana zaton za ta wanke shi. Ya ce, "Baba, ni ban yi rantsuwar ƙarya ba. Ban ce dabbar yau aka yanka ta ba. Cewa na yi yankan yau ne, kuma Allah ya sani da hannuna na yanka ta da safen ranar."

Tsohon ya sake masa riga. Sannan ya ce, "Tun yaushe kake irin wannan yankan?"

Ɗan ya sunkuyar da kai.

"Ina tambayarka."

"An daɗe, Baba."

Sai hawaye ya fara zuba daga idanun nan da ba sa gani. Ya ce, "Wato duk safiyar da nake ɗora maka hannu, daga gabana kake tashi ka je ka yi wannan. Ni kuma ina zaune a nan ina yi maka shaida. Matar ta ji warin. Allah ya ba ta hanci ya nuna mata. Ni na ce ta ɗauka. Da bakina na aika wa abokina da ita."

Washegari mutumin ya zo ya durƙusa kamar kullum. Ya jira. Hannun yana kan gwiwar tsohon, bai tashi ba. Ya daɗe a durƙushe har ƙafafunsa suka yi tsami, sannan ya miƙe ya fita.

Labari ba ya ɓuya a unguwa. Wanda yaransa suka taɓa ciwon ciki ya tuna, wadda ta taɓa zubar da tukunya ta tuna. Ba wanda ya zo ya yi masa faɗa, daina zuwa kawai suka yi. Yana rataye sabon nama tsantsa, yana tsaye cikin farar riga, matan da yake ce wa Hajiya suna tsallakawa ɗaya gefen titi. Ya rantse yanzu da gaskiya, ba mai tsayawa ya ji. Ba a daɗe ba ya rufe shagon. Amma ku yarda da ni, rufe shagon bai dame shi ba kamar hannun nan da ya ƙi tashi.

Tsohon ya ce a daina fitar da shi bakin ƙofa. Ya rage cin abinci, nama kuwa ko a miya ya ji shi sai ya ture kwanon. Kullum maganarsa ɗaya ce, shi ya kashe abokinsa. Ɗan yana kuka yana cewa, "Baba, ni ne, ba kai ba ne. Ka yafe mini." Wata safiya tsohon ya ce masa, "Abin da ka yi mini na yafe, ba na so in tsaya da ɗana a gaban Allah. Amma hannun nan ya yi mini nauyi. Je ka wurin matar nan ka gaya mata gaskiya, ba irin gaskiyarka ba. In ta yafe, ka dawo ka gaya mini, in ɗora maka."

Ga ƙofa an buɗe masa, ya 'yan uwa. Gidan ba nisa, ana hango shi daga bakin shago. Amma kunya ta riƙe masa ƙafa. Ya fita ya kai bakin gidan ya juyo. Ya ce bari zafin mutuwar ya ragu. Ya ce sai gobe. Matarsa ta ce masa, "Ka dubi Baba fa, kullum ƙara narkewa yake." Ya ce ya sani, gobe zai je. Ranar da ya daure ya yi sallama, sai ya tarar da kwaɗo a ƙofa. 'Ya'yanta sun zo sun tafi da ita wani gari mai nisa inda babban ɗanta yake aiki.

A lokacin ne hankalinsa ya tashi. Ya yi ta tambaya har ya sami kwatance, ya bar mahaifinsa a hannun matarsa, ya hau mota. Ya same ta zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ya zube a gabanta ya faɗa mata komai, da firiza, da jinin da yake shafawa, da dabarar kalmar, bai rage ko ɗaya ba.

Ta saurare shi har ya gama. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Na goya ka, ɗana. Na yafe maka, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni mahaifinka nake tunawa. Maganar da na faɗa masa ranar, zafin rai ne, tun da na faɗe ta ban ji daɗi ba. Ka ce masa ba laifinsa, shi gaskiyar da ya sani ya faɗa. Ka ce masa abokinsa har ya cika bai ambace shi da komai ba sai alheri. Tashi maza ka kai masa."

Ya fito kamar an sauke masa dutse daga ka. Ga saƙo biyu a bakinsa, ɗaya zai wanke shi, ɗaya zai wanke mahaifinsa. A tasha ya ciro waya zai kira matarsa ta kara wa tsohon a kunne. Sai ya ce a ransa, a'a, wannan ba maganar waya ba ce, sai na durƙusa a gabansa na faɗa, ya ɗora mini hannu nan take. Ya mayar da wayar aljihu.

Da ya shigo layinsu, sai ya hango tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gida, maza a zazzaune.

Matarsa ta gaya masa daga baya cewa tsohon ya yini yana juya kunne wajen ƙofa. Duk motsin da ya ji sai ya ce, "Shi ne?" Ta ce masa tukuna. Can ya ce, "Ko dai ta ƙi?" Ita ce maganarsa ta ƙarshe. Da suka kwatanta lokaci, sa'ar da mutumin ya ciro waya a tasha mahaifinsa yana da rai.

Ya shiga ɗakin, ya durƙusa gefen gawar, ya ɗauki hannun da kansa ya ɗora a kansa. Da ya saki, hannun ya zame ya faɗi.

Yau mutumin yana nan. Yana wankin daɓe a mayanka, ba ya sayar da komai, ba ya rantsuwa ko an matsa masa. Masu haƙar kabari sun san shi. Yakan je ya tsuguna a gefen kabarin mahaifinsa ya yi masa addu'a, in ya shafa sai a ji yana cewa, "Baba, ta yafe. Ta ce ba laifinka ba ne." Ya ɗan jira, sannan ya tashi ya tafi.

Ban ce Allah ba zai karɓi tubansa ba, ƙofar tuba a buɗe take, kuma ina roƙa masa. Amma akwai abin da in ya wuce a duniyar nan ba ya dawowa, ko ka cika tulu da hawaye.

Kai mai sayarwa, benci da ruwan sanyi da ranki ya daɗe duk suna da kyau, ban hana ka ba. Amma wanda ya tsaya a gabanka ba daɗin baki ya zo saye ba, abin da zai kai wa iyalinsa ya zo nema, kuma ya ba ka amanar cikin 'ya'yansa da marasa lafiyarsa. In kayanka ya kwana, ka ce ya kwana. In babu mai kyau, ka ce babu. Kada ka nemi kalma mai fuska biyu ka ɓuya a bayanta, ka kuma jawo sunan Allah ya zama maka murfi. Ka tuna akwai wanda yake yi maka shaida a bayan idonka, uwa ko uba ko mata ko aboki, yana cewa wane ba ya ƙarya. Ranar da asirinka ya tonu, shi zai fara jin ciwon kafin kai. In kuma akwai wanda ka san ka cuta, yau ka je, tun wanda yake jiranka yana numfashi.

Ya Allah, ka daidaita harsunanmu da zukatanmu. Ka ciyar da mu halal, ka sa mu ciyar da bayinka halal. Ka jiƙan tsohon nan da abokinsa, ka sanyaya zuciyar ɗan da suka bari. Kada ka ɗauke iyayenmu suna jiran wata magana daga bakinmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda suka yarda da mu daga sharrinmu. Amin.